Alkawarin da Aka Yi a Lasifika

Litinin, 9 ga Janairu, bayan la'asar

"Karatun Nadia a wuyana yake. Daga yau har ranar da za ta ɗauko digirinta, kada uwarta ta roƙi kowa ko sisi, kada kuma kowa ya ba ta. Ni ne ubanta."

Ba ni na tsara wannan magana ba. Alhaji Mutawakil ne, wan mijina, ya faɗe ta ranar addu'ar arba'in ɗin mijin nawa, Moro. Shekarar korona ce, hukuma ta ƙayyade yawan waɗanda za su zauna a ƙarƙashin rumfa, sai aka ɗora lasifika a rufin masallaci don na cikin gida su ji addu'a. Muftahu mai shela, wanda ba a aure ba a mutuwa a unguwarmu ta Nima ba da muryarsa ba, ya cafe maganar ya maimaita ta da Hausa, ya maimaita da Turanci, ya ƙara da Twi saboda maƙwabta. Har unguwar Maamobi an ji. Mata suka yi ta share hawaye da bakin takunkumi. Ni ma na yi kuka, kukan godiya, Allah ya yafe mini.

Yau na je gidansa. Matarsa Hajiya Mulikatu ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce ya tafi Tema. Takalmansa dai ba su tafi Tema ba.

Talata, 10 ga Janairu, da safe

Ranar ƙarshen wata jami'a za ta rufe rajista. Wanda bai biya ba ya rasa shekarar, kuma na ga isassun yaran unguwar nan da suka ce za su huta shekara ɗaya su koma. Har yau suna hutawa.

'Yata Nadia za ta shiga aji uku, tana koyon gwaje-gwajen asibiti. Shekarar farko Alhaji ya biya duka, har da hoto a bakin banki. Shekara ta biyu ya ba da rabi, na sayar da babur ɗin Moro na cika, ban gaya wa kowa ba. Bana an ƙara kuɗin makaranta, kuɗin ɗakin kwana kuma ya tashi kamar an gina shi da zinariya, alhali ɗakin nan ne dai mai gado huɗu da famfon da ba ya kawo ruwa. Albashina na makarantar Islamiyya, in ya ga dama ya zo, ba zai biya ko katifar ba.

Na kira shi. Waya ta yi ta ƙara har ta gaji.

Laraba, 11 ga Janairu, da rana

Ya tafi Tema.

Juma'a, 13 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci

Na haɗiye girman kaina na tari Malam Issah, sakataren asusun da unguwa ke tara wa marayu kuɗin karatu. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya kai ka ko'ina. Ya ja ni gefe, bayan mai sayar da turare.

"Malama Zuera, ai Nadia ba ta cikin marayun da ba su da mai tsaya musu."

"Wa ke tsaye mata?"

"Haba Malama. Duk Nima ta ji."

"Nima ta ji, banki bai ji ba."

Ya yi ta murza carbi. Ya ce in suka ba ta, to sun fito fili sun ce Alhaji maƙaryaci ne ke nan, kuma Alhaji ne ya saya wa masallaci janareta. Na ce to, ku tura janaretan jami'a, wataƙila shi ya fi ta ƙoƙari. Ya yi dariya kafin ya tuna bai kamata ba.

Daga ƙarshe ya faɗi abin da ke akwai. Akwai kuɗi a asusun, kwamiti zai zauna ranar Litinin, talatin ga wata, kuma yarinya mai irin sakamakon Nadia ba sai an yi mata dogon bayani ba. Amma sai Alhaji ya zo da bakinsa ya ce ya sauke nauyin. "Ko kuma," in ji shi, "jama'a su ji an sauke, kamar yadda suka ji an ɗauka. Mu dai kada a ce mu muka tsinka shi."

Ashe alkawarin nan katanga ce. Shi bai shigo ba, ya kuma hana kowa shigowa.

Asabar, 14 ga Janairu, da hantsi

Hajiya Mulikatu ta aiko mini da yayi, leshin da kowace mace a dangi za ta saya ta ɗinka don auren ɗansu Abdul-Latif, ranar Lahadi ashirin da tara ga wata. Ruwan goro ne da duwatsu masu ƙyalli. Yarinyar da ta kawo ta faɗi kuɗinsa tana kallon ƙasa, ita ma ta ji kunya.

Na ce ta mayar, ta ce wa Hajiya na tafi Tema.

Ba ta gane ba. Na karɓa na ajiye a kan akwati, ban kwance ba.

Lahadi, 15 ga Janairu, bayan azahar

Akwai bashin da ake ba ɗalibai. Nadia ce ta kawo maganarsa tun tana shirin shiga aji ɗaya. Alhaji ya ce akwai riba a ciki, 'yar ƙaninsa ba za ta fara rayuwa da haram ba yana raye. Ni kuwa, mai karatu, mai baki, na goya masa baya har da kawo aya. Na yi mata lacca a kan yadda bashi ke mayar da matasa bayi a ƙasashen Turawa, na karanta a jarida. Ta ce, "To, Mma." Ba ta sake tayar da zancen ba.

Na tambaya a makon nan. Ko an nema yau, ba zai fito ba sai an daɗe da rufe rajista.

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata. Babu wanda ya ce mini in ji tsoron alherin da aka yi da lasifika.

Talata, 17 ga Janairu, da yamma

Mun yi faɗa da Nadia. Ba faɗan ɗaga murya ba, da ma shi ne.

Tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Mma, ki daina zuwa gidan Baba Alhaji."

"Sai in je gidan wa?"

"Ki bar shi kawai. Ukasha fa?"

Ukasha ɗan ƙawata Husseina ne. Shi ya fi kowa a ajinsu, an yi masa walima, Muftahu ya yi ta kiransa injiniya har muryarsa ta dushe. Yanzu yana Circle, babbar mahaɗar titunan cikin gari, a ƙarƙashin gada yana manna wa wayoyin mutane gilashi.

"Ukasha ai rago ne," na ce. Ƙarya nake yi, ta kuma sani.

"Aji ɗayana rabi a waya na yi shi, Mma. Ina saman matakalar maƙwabta ina neman sabis, malami yana magana kamar daga cikin rijiya. Jinin da aka ce mu koyi gwadawa, a hoto na fara ganinsa. Da muka koma, malamai suka shiga yajin aiki. Yanzu an ninka kuɗi. Waɗanda suka gama gabanmu suna gida suna jiran a kira su, wasu har sun yi 'ya'ya biyu. Me muke saye ne?"

Ina da amsa ga kowa a unguwar nan, har liman. Na buɗe baki na ce mata ilimi haske ne. Ni Zuera, na faɗi abin da ake rubutawa a bayan motar makaranta.

Ta ce, "Haske ne, Mma. Shi ma sai an sa masa kati."

Bakin nan nawa ne ta gado. Ban taɓa jin zafinsa daga wannan ɓangaren ba.

Laraba, 18 ga Janairu, da safe

Na ga ƙananan hotuna a cikin jakar Nadia ina neman almakashi. Farin bango, fuska ba murmushi, hijabin da ban san ta da shi ba. Na mayar yadda na same su.

Na katin makaranta ne. Na katin makaranta ne mana.

Alhamis, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Tunda ba a samun Alhaji a gida, na hau turoturo, motar haya, na tafi shagonsa na Adabraka. Rabona da wurin tun Moro na da rai. Kwalayen takalma 'yan China har rufi, kamar da. Yana zaune shi kaɗai, ba yaran shago, fanka a kashe. Da ya gan ni ya miƙe kamar an kama ɓarawo.

"Amaryarmu! Ke ce da rana haka?"

Shekara ashirin da wani abu ina gidansu, har yanzu amarya.

"Ni ce, Yaya. Na zo in yi maka sannu da dawowa daga Tema."

Ya ce in zauna. Babu kujera ta biyu, sai na jawo kwali in zauna a kai. Ya taho a hannuna kamar ganye. Na jawo na kusa da shi. Haka. Na taɓa na sama, jerin duka ya yi rawa.

A waje wani yana ta rantsuwa a kan farashin caja.

Sai ya zauna ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ashe duk ya yi fari. Ya ce tun da aka rufe iyakoki kayansa suka maƙale, da suka iso kuɗin ajiya ya cinye su. Ya ci bashin dala, kuɗinmu sidi kuma ya faɗi ƙasa warwas. Motar da ake gani a ƙofar gida ba tasa ba ce yanzu, mai ita ya bar masa aro har a gama biki. Bikin ma surukai ne daga Kumasi suka ɗauki fiye da rabi, su kuma suna zaton kawaici ne irin na masu kuɗi.

"Hajiya ta sani?"

"Ta san Tema."

Na zo da maganganu da na yi kwana da kwanaki ina wasa su kamar wuƙa. Duk suka zube.

Na ce, "Yaya, ban zo neman kuɗi ba yanzu. Kalma ɗaya nake so. Ka je wurin Malam Issah ka ce ka sauke. Su za su biya."

"Ana saura kwana kaɗan bikin ɗana? Issah ya ji, matarsa ta ji. Matarsa ta ji, Kumasi ta ji kafin magariba. Ki bari a gama biki, a watse, cikin watan gobe ni da kaina zan je."

"Watan gobe an rufe."

"Shekara ɗaya ce, Zuera. Yarinya ce, shekara ɗaya ba ta kashe kowa. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki."

Ya raka ni bakin titi, ya cusa mini kuɗin mota a hannu. Na karɓa don kada in ƙara masa.

Juma'a, 20 ga Janairu, da safe

Na fi jin daɗi lokacin da nake zaton mugu ne.

Juma'a, bayan la'asar

Ranar da numfashin Moro ya fara sarƙewa, babu mai taksi da ya yarda ya tsaya. Maƙwabta suna leƙe ta taga. Alhaji ne ya zo, ba safar hannu ba komai, ya ɗauke shi a kafaɗa kamar yaro ya sa a mota. Shi ya kwana a ƙofar asibiti. Shi kaɗai aka bari ya tsaya daga nesa ranar da aka kai shi makwanci.

Ba don ya burge kowa ya yi wannan ba, babu lasifika a wurin. Alkawarin ma na tabbata da zuciya ɗaya ya yi shi. Da ma ya same ni a ɗaki ya faɗa mini a hankali. Da ma ni na miƙe a ranar na ce a'a, a bar ƙofa a buɗe. Wace bazawara ce ke miƙewa ranar arba'in ta ce a'a?

Ɗakin da nake ciki ma na gidansu ne. Ban manta ba.

Asabar, 21 ga Janairu, da rana

Husseina ta zo da waake, shinkafa da wake, a ganye, ta zauna ba ta ci ba. Ta yi ta zagaye har na ce ta faɗa.

Ukasha ne ya ga Nadia a Circle, sau biyu, tana hawa benen matar nan mai tura 'yan mata aikatau ƙasashen Larabawa.

Na ce wataƙila ƙawarta ta raka.

Husseina ta ce, "Wataƙila." Ta tura mini waaken.

Ba zan rubuta yadda 'yar Latifatu ta nan unguwar ta dawo daga can bara ba. Kowa ya je ya gaishe ta, kowa ya fito bai ce komai ba.

Lahadi, 22 ga Janairu, bayan sallar asuba

Na tambayi Nadia kai tsaye, tana ɗaure da zanen sallah. Ba ta musa ba. Ta ce fasfo ya kusa fitowa, matar ta ce akwai tafiya tsakiyar watan gobe. Shekara biyu kawai, ta tara kuɗi ta dawo ta biya wa kanta, ba mai sake kiran sunanta a lasifika.

"Kin ga 'yar Latifatu."

"Na ga Ukasha ma. Na gan ki ke ma, Mma, kina tsaye a ƙofar Hajiya Mulikatu kamar mai tallan da ba a saya ba."

Na ɗaga hannu. Ban taɓa dukanta ba, yau ma ban yi ba, amma ta ga hannun.

Da muka huce na ce, in aka biya kafin a rufe fa? Sai ta ce akwai wata malama da ke barinta ta zauna a ɗakin gwaji bayan an tashi, ranar da ta fara gane ƙwayar zazzaɓi a madubin gwaji da idonta har rawa ta yi, masu shara suna mata dariya. Tana ba ni labari fuskarta ta koma ta ubanta.

"In an biya zan koma," ta ce. "In ba a biya ba, kada ki tare ni."

Ban san ko akwai aiki a ƙarshen karatun nan ba. Ba wanda ya sani, har waɗanda ke ƙara kuɗin. Na dai san abin da ke saman benen can.

Litinin, 23 ga Janairu, da rana

Na kira shi. Wannan karon Alhajin ya ɗauka. Na gaya masa maganar fasfo. Ya yi salati, ya ce zai yi mata faɗa. Na ce ba faɗa take bukata ba. Ya ce bayan biki.

Talata, 24 ga Janairu, da hantsi

Na sami Muftahu mai shela a wurin mai koko, yana shan na zafi saboda maƙogwaro.

"Malama Zuera! Uwar likita! A ba ta ƙosai a kaina."

"Muftahu, in mutum ya ba ka tukuici a taro ya ce ka faɗi magana, kana ƙi?"

"Ni? Bakina na haya ne, Malama. Na taɓa yi wa mutum shelar ɓatan akuyarsa ana tsakiyar ɗaurin aure."

"To ga abin da za ka faɗa ranar Lahadi. Zuera matar marigayi Moro tana gode wa Alhaji Mutawakil. Ya riƙe marainiya shekara biyu, ya yi abin da uba ke yi. Daga yau ta sauke masa nauyin karatun Nadia, ta yafe masa alkawari duniya da lahira. Duk mai niyyar taimako, ƙofa a buɗe take."

Ya ajiye kofin.

"Malama, wannan ai zuma ce aka shafa wa reza. A gaban mutanen Kumasi? Ko yaro ya san ba a sauke wa mai kuɗi kaya."

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Da akwai ƙarya ai da ta fi sauƙin faɗa. Alhaji ne fa ya ɗauke ni aikin ranar bikin."

"Kai ka ɗora maganar a rufin masallaci, da yare uku. In ba za ka sauko da ita ba, miƙo mini makirufo. In ka hana ni, na shekara ashirin ina magana da ajin yara ba lasifika, har na bayan aji yana ji."

Ya dube ni, ya dubi mai koko da ta daina zuba koko tana saurare. Ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Ki ba shi dama tukuna, don Allah."

"Zan ba shi."

Ban karɓi ƙosan ba.

Laraba, 25 ga Janairu, bayan azahar

Na koma Adabraka. Ban taɓa kwali ko ɗaya ba, a tsaye na yi magana. Na maimaita masa abin da Muftahu zai faɗa, kalma da kalma, don kada ya ce na yi masa kwanton ɓauna. Ban ambaci shago ba a ciki, ba kuma zan ambata ba ko an sa mini wuƙa. Amma ni da shi mun san abin da mutane za su lissafa da kansu.

Ya ce, "Abin da za ki saka mini da shi ke nan."

Fuskar da ya yi za ta bi ni har kabari, kuma in Moro yana ji, ban san wa zai ba gaskiya ba.

Sahu ɗaya suke sallar Juma'a da Malam Issah, kafaɗa da kafaɗa. Ba sai ya je gidan kowa ba. Ya juya bayan sallama ya ce, na sauke. In ya yi haka, ranar Lahadi zan zo in yi guɗa in raba shinkafa, ba wanda zai ji komai daga bakina.

Na ba shi zuwa la'asar ɗin jibi. In aka kira la'asar Malam Issah bai kira ni ba, ranar Asabar zan mayar wa Hajiya Mulikatu leshinta a ƙulle, in kwashe littattafaina da akwatin Nadia in kai ɗakin Husseina a Maamobi, don kada a sha wahalar fitar mini da su. Ranar Lahadi zan sa tsohuwar atamfata, ni kaɗai a cikin ruwan goro, in jira a gama ciyar da baƙi, saboda ba na son kowa ya tafi da yunwa ta dalilina. Sannan in miƙa wa Muftahu tukuicinsa.

Litinin da safe ina ƙofar kwamiti, riƙe da hannun 'yata.